Zunubin Gado da Tsarkin Maryamu: Inda Malaman Yahudawa Suka Ja da Cocin Katolika

A ranar 8 ga Disamba 1854 Fafaroma Pius na 9 ya fitar da wata takarda mai suna Ineffabilis Deus, wadda a cikinta ya wajabta wa kowane ɗan ɗarikar Katolika ya gaskata cewa Maryamu, mahaifiyar Yesu, tun daga lokacin da aka ɗauki cikinta Allah ya kiyaye ta daga duk wani tabo na zunubin asali. Mutane da yawa, har a cikin Kiristoci, sukan rikita wannan koyarwa da batun haihuwar Yesu ba tare da uba ba, alhali kuwa magana biyu ce daban. Maryamu tana da uwa da uba, kuma Cocin Katolika bai taɓa cewa an haife ta ta wata hanya ta daban ba. Abin da ya ce shi ne, akwai wani abu da ke bin kowane ɗan Adam tun yana ciki, ita kuwa bai same ta ba. Duk wanda ya yi nazari zai ga cewa wannan togiya ba ta da ma'ana sai in an riga an yarda da dokar da aka toge ta daga cikinta, wato cewa kowa yana gadon zunubin Adamu. Shi ya sa malaman Yahudawa, tun ɗaruruwan shekaru kafin 1854, ba su ɓata lokaci mai yawa a kan reshen ba, suka nufi saiwar.

Wanda ya fi kowa tsara koyarwar zunubin asali a Cocin Yamma shi ne Agustin, bishop na Hifo, garin da a yau ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, wanda ya rasu a shekarar 430. Ya yi doguwar jayayya da wani malami mai suna Felajiyus, wanda ke ganin cewa Adamu mummunan misali kawai ya bar wa zuriyarsa, kuma kowane mutum yana da ikon kiyaye umarnin Allah in ya so. Taron bishop-bishop na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, a shekarar 418 ya goyi bayan Agustin, ya tabbatar da cewa jarirai ma ana yi musu baftisma ne domin gafarar zunubi. Bayan fiye da shekara dubu, a 1546, babban taron Tirento a arewacin Italiya ya sake ƙarfafa maganar, ya ce zunubin Adamu yana wucewa zuwa ga 'ya'yansa ta hanyar haihuwa, ba ta hanyar koyi ba. A kan wannan jimla ta ƙarshe ce rikicin ya tsaya, domin Bayahude ba ya musun cewa mutane suna saɓo, ba ya kuma musun cewa ɗa yana kwaikwayon ubansa. Abin da yake musu shi ne a ce laifi abu ne da ake haihuwar mutum da shi.

Hujjarsu ta farko ita ce labarin gonar Adnin kansa, kamar yadda ya zo a sura ta 3 ta littafin Farawa cikin Ibrananci. In an karanta surar daga farko zuwa ƙarshe ba za a ci karo da kalmar zunubi ba ko sau ɗaya. An la'anci maciji, an la'anci ƙasa saboda Adamu, amma kalmar la'ana ba ta faɗa kan Adamu ko Hauwa'u ba. Hukuncin da aka yanke musu a bayyane yake, kuma duk abin da ido ke gani ne: wahalar naƙuda, ƙaya da sarƙaƙiya a gona, cin abinci da gumin goshi, da komawa cikin ƙasar da aka ɗebo mutum daga gare ta. Babu wata aya a wurin da ta ce ruhin zuriyarsu ya gurɓace, ko ƙofar rahama ta rufe a kansu. Malaman Yahudawa suna ƙarawa da cewa, in da wannan labari shi ne mabuɗin fahimtar halin ɗan Adam duka, da annabawa sun yi ta komawa gare shi, amma Ishaya da Irmiya da Amos sun tsawata wa mutanensu a kan bautar gumaka da zaluntar marayu da cin hanci ba tare da sun jingina laifin ga itacen da Adamu ya ci ba.

Wurin da kalmar zunubi ta fara bayyana shi ne sura ta 4, aya ta 7, inda Allah yake magana da Kayinu kafin ya kashe ɗan'uwansa Habila. Ma'anar abin da aka gaya masa ita ce: zunubi yana kwance a bakin ƙofa yana marmarinka, amma kai ne za ka mallake shi. Wannan aya tana da nauyi ƙwarai a wajen Yahudawa, kuma a ganina suna da gaskiya da suka ba ta nauyi, domin Kayinu shi ne mutum na farko da aka haifa bayan an fita daga gonar. In akwai wanda ya kamata ya ɗauki gadon laifin Adamu da ɗuminsa, shi ne. Duk da haka Allah ya yi masa magana a matsayin mai iko da kansa, ya kuma kwatanta zunubi da dabbar da ke fako a waje, wadda sai an buɗe mata take shiga. Haka kuma Annabi Musa ya faɗa wa Isra'ilawa a Maimaitawar Shari'a sura ta 30 cewa umarnin da aka ba su bai fi ƙarfinsu ba, ba ya can sama balle a ce wa zai hau ya ɗauko, yana nan kusa a bakinsu da zuciyarsu domin su aikata shi, sa'an nan ya ce an ajiye rai da mutuwa a gabansu, su zaɓi rai. A kan irin waɗannan ayoyi ne Musa ɗan Maimun, babban malamin da ya rasu a Masar a 1204, ya gina hukuncinsa cewa kowane mutum yana iya zama adali kamar Musa ko mugu kamar Yerobowam, sarkin Isra'ila da ya jawo mutanensa ga bautar gumaka.

Hujja ta biyu ta shafi adalcin Allah. Maimaitawar Shari'a 24:16 ta hana a kashe iyaye saboda laifin 'ya'ya ko 'ya'ya saboda laifin iyaye, ta ce kowa zunubinsa ne zai kashe shi, kuma littafin Sarakuna na biyu ya ba da labarin Sarki Amaziya wanda ya kashe waɗanda suka kashe mahaifinsa amma ya bar 'ya'yansu saboda wannan doka. A zamanin bauta a Babila mutane suna da wani karin magana, wai iyaye ne suka ci inabi mai tsami amma haƙoran 'ya'ya ne suka mutu. Annabi Ezekiyel a sura ta 18 ya ce Allah ya rantse ba za a ƙara faɗin wannan karin magana a Isra'ila ba, domin ran da ya yi zunubi shi ne zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba kuma ba zai ɗauki laifin ɗa ba. Irmiya ma ya kawo karin maganar a sura ta 31 ya rushe ta. Akwai dai ayar Fitowa 20:5 da ke cewa Allah yana bin laifin iyaye a kan 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu, kuma malaman Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa na da, ba su kau da kai daga gare ta ba. Sun ce tana magana ne a kan 'ya'yan da suka riƙe aikin iyayensu suka ci gaba da shi, har wani daga cikinsu ya ce Musa ya faɗi wannan hukunci, Ezekiyel ya zo ya soke shi. Ko da an ɗauki ayar a kan zahirinta, tsara huɗu ta ambata, ba dukan 'yan Adam har tashin duniya ba.

Yahudawa ba su ce aikin Adamu bai shafi kowa ba. Sun yarda cewa mutuwa da wahala sun shigo duniya ta dalilinsa, kuma Talmud ya ambaci mutum huɗu, Biliyaminu ɗan Yakubu, da Amram mahaifin Musa, da Yesse mahaifin Dawuda, da Kileyab ɗan Dawuda, ya ce sun mutu ne saboda shawarar maciji kawai, ba don wani zunubi nasu ba. Bambancin da suke yi tsakanin gadon sakamako ne da gadon laifi. Uban da ya sayar da gonar gado ya cinye kuɗin ya jawo wa 'ya'yansa talauci, kuma za su tashi cikinsa ko sun so ko sun ƙi, amma babu alƙalin da zai ɗaure su a kan almubazzarancin ubansu. A muhawarar da aka yi a Barselona a 1263 a gaban Sarki Yakubu na 1 na Aragon, malamin Yahudawa Musa ɗan Nahman ya fuskanci Pablo Kiristiyani, Bayahuden da ya koma Kirista, kuma a bayanin da ya rubuta daga baya ya kawo wannan magana da kaifi. Ya ce duk hukuncin da aka rubuta a kan Adamu yana nan har yau, mata suna naƙuda, manoma suna gumi, mutane suna mutuwa, to ina shaidar cewa an fanshi duniya daga gare shi? Abin da Kiristoci suke cewa an ɗauke, wato azabar wuta saboda Adamu, ba a rubuta shi a wurin ba, kuma ba wanda zai je ya dawo ya gaskata ko ya ƙaryata. Ya ƙara da cewa jikinsa daga uwa da uba ya samo shi, don haka hukuncin jiki ya bi shi, amma ransa ba shi da wata dangantaka da ran ubansa da ta wuce wadda yake da ita da ran Fir'auna, kuma ba zai shiga wuta saboda laifin Fir'auna ba.

Ayar da malaman Katolika suka fi riƙewa a Tsohon Alkawari ita ce Zabura 51, aya ta 5 a fassarorin Kirista, ta 7 a ƙidayar Ibrananci, inda Dawuda yake cewa cikin laifi aka haife shi, cikin zunubi mahaifiyarsa ta ɗauki cikinsa. Amsar Yahudawa ita ce a dubi inda maganar ta fito. Waƙa ce ta mutumin da ya ɗauki matar Uriya ya kuma sa aka kashe mijinta, kuma nadama ta sa yake ganin kamar bai taɓa yin tsarki ba tun farkonsa. Harshen waƙa a Ibrananci ya saba da irin wannan kambamawa. Zabura 58 ta ce mugaye tun daga ciki suka bauɗe, suna ƙarya tun daga haihuwa, ba wanda kuwa ya taɓa jin jariri ya yi ƙarya. Ayuba ya ce tun daga cikin uwarsa yake taimakon gwauruwa. Zabura 22 ta ce tun daga cikin uwa Allah ne Allahn mawaƙin. In za a mai da aya ɗaya aƙida, me zai hana a mai da sauran? Ban da haka, Dawuda a cikin wannan zabura bai ambaci Adamu ba, kuma maganin da ya nema shi ne Allah ya wanke shi ya halitta masa zuciya mai tsabta, yana mai cewa Allah ba ya raina karyayyar zuciya.

Da me Yahudawa suke bayyana karkatar mutum zuwa ga saɓo? Da abin da suke kira yetser hara, wato mugun karkata, kalmar da suka ɗauko daga Farawa 8:21, inda aka ce tunanin zuciyar mutum mugu ne tun daga ƙuruciyarsa. A wajensu wannan karkata Allah ne ya halicce ta tun farko tare da kishiyarta mai kyau, kuma tana da aikinta. Wani tsohon tafsirinsu na Farawa ya ce in ba don ita ba, da ba wanda zai gina gida ko ya yi aure ko ya haihu ko ya yi fatauci. Talmud kuma ya sanya a bakin Allah cewa shi ya halicci mugun karkata, shi kuma ya halicci Attaura ta zama maganinta. Akwai wata hira a Talmud da ta taɓa ainihin abin da muke magana a kai. Wani mai mulkin Rum da ake kira Antoninus ya tambayi Rabbi Yahuda, wanda ya tattara Mishna, tsohon kundin dokokin Yahudawa, ko daga yaushe mugun karkata ke fara iko da mutum, daga ɗaukar ciki ne ko daga haihuwa. Rabbi ya ce daga ɗaukar ciki. Antoninus ya ce in haka ne da jaririn ya shure cikin uwarsa ya fito. Rabbi ya janye maganarsa ya ce daga haihuwa ne, ya kuma kafa hujja da ayar Kayinu, cewa zunubi a bakin ƙofa yake kwance. Har yau Bayahude mai ibada yakan faɗa kowace safiya cewa, ya Allahna, ran da ka sa a cikina tsarkakakke ne.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa al'adar Yahudawa ba ta rasa muryoyin da suka kusanci Agustin ba. Talmud ya ce maciji ya zuba wa Hauwa'u wata ƙazanta da ta bi zuriyarta, sai dai ya ce ta gushe daga Isra'ila lokacin da suka tsaya a Dutsen Sina'i. Littafin Ezra na huɗu, wanda wani Bayahude ya rubuta bayan rushe Haikalin Urushalima a shekarar 70, yana kuka yana tambayar Adamu me ya aikata, domin faɗuwar ba tasa kaɗai ba ce. Littafin Sirak ya ce daga mace zunubi ya fara, ta dalilinta kuma duk muke mutuwa, kuma wannan littafi yana cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika amma ba ya cikin na Yahudawa. A zamani ɗaya da Ezra na huɗu kuma aka sami littafin Baruk na biyu yana cewa kowannenmu ya zama Adamun kansa. Wannan ya nuna cewa Manzo Bulus ya yi rubutu ne a cikin wata muhawara da ke gudana tsakanin Yahudawan zamaninsa, kuma malaman da suka zo daga baya sun bi ɓangaren Baruk.

Ainihin ginshiƙin koyarwar a wajen Kiristoci yana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, 5:12, kuma Bayahude ba ya karɓar wannan wasiƙa a matsayin nassi. Amma ko a nan akwai matsalar fassara da masanan Katolika da kansu suka amince da ita. Fassarar Latin da Agustin ya yi aiki da ita ta ce in quo, wadda ya fahimta da cewa a cikin Adamu kowa ya yi zunubi, alhali yawancin masana a yau suna fassara kalmomin Helenancin da cewa mutuwa ta bi kowa domin kowa ya yi zunubi. Littafin koyarwar Katolika na 1992, a sakin layi na 404 da 405, ya sassauta harshe sosai. Ya ce ana kiran zunubin asali zunubi ne ta hanyar kwatanci, hali ne da mutum ya tsinci kansa a ciki ba aikin da ya aikata ba, ba laifin kowane ɗa ba ne na kansa, rashi ne na tsarkin da aka ba Adamu da farko. Wanda ya karanta wannan zai ga cewa ya matso kusa da misalin gonar gado, ko da yake Cocin yana nan a kan cewa sai baftisma ke kawar da wannan rashi.

In aka dawo kan Maryamu, ayar Tsohon Alkawari da takardar 1854 ta dogara da ita ita ce Farawa 3:15, inda Allah ya ce zai sa gaba tsakanin maciji da macen, tsakanin zuriyarsa da zuriyarta. Fassarar Latin da aka yi amfani da ita ƙarnuka da dama ta ce ipsa, wato ita za ta murƙushe kan macijin, kuma daga nan ne aka sami siffofin Maryamu tana take maciji da ƙafarta. Ibrananci kuwa ya ce hu, wato shi, yana komawa ga zuriyar, aikatau ɗin ma na namiji ne, kuma sabuwar fassarar Latin da Fadar Vatican ta fitar a 1979 ta bar ipsa. A karatun Yahudawa macen da ake nufi ita ce Hauwa'u, wadda ke tsaye a wurin, kuma tsofaffin fassarorinsu na Aramaik sun ce 'ya'yanta suna bugun kan maciji ne a lokacin da suke kiyaye Attaura, yana saran diddigensu a lokacin da suka sake ta. Suna kuma kawo Mai-Wa'azi 7:20, cewa babu adali a duniya mai aikata alheri da ba ya zunubi, da addu'ar Sulemanu a ranar buɗe Haikali, cewa babu mutumin da ba ya zunubi. Wasu masu jayayya sukan ƙara da cewa Luka ya ba da labarin Maryamu ta kai kurciyoyi biyu bayan haihuwa, ɗaya daga cikinsu kuwa hadayar zunubi ce bisa Littafin Firistoci sura ta 12. Wannan hujjar ba ta gamsar da ni ba, domin hadayar mai jego ta tsarkakewa ce daga ƙazantar ibada, haihuwa kuwa ba saɓo ba ce a Attaura. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ta fito daga yadda Yahudawa ke kallon ɗaukar ciki. Umarnin farko da aka ba mutum shi ne ya hayayyafa, kuma Talmud ya ce uku ne suke tarayya a cikin kowane mutum, Allah da uba da uwa. A wajen wanda ya yarda da haka, babu cikin da ke bukatar a kiyaye shi daga tabo.

Cocin Katolika ma bai iso ga 1854 cikin sauƙi ba. Barnad na Kilarbo, babban malamin Katolika a ƙarni na 12, ya rubuta wa limaman birnin Liyon na Faransa yana sukar bikin ɗaukar cikin Maryamu. Wani babban malaminsu, Toma Akwinas, ya ga cewa in Maryamu ba ta taɓa shiga ƙarƙashin zunubin asali ba, to ba ta bukaci fansar Almasihu ba ke nan. Duns Skotus, wanda ya rasu a 1308, shi ne ya ba da amsar da ta yi rinjaye, cewa hana mutum faɗawa rijiya ceto ne da ya fi fitar da shi bayan ya faɗa. Cocin Otodoks da Furotesta ba su karɓi hukuncin 1854 ba. Mai karatu Musulmi zai lura cewa a batun gadon laifi matsayin Yahudawa ya yi daidai da abin da ya sani, domin Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, a Suratun Najmi ma ya ce wannan yana cikin littattafan Musa da Ibrahim, ya kuma ce Adamu ya tuba an karɓi tubansa. Amma a batun darajar Maryam ya rabu da su, tunda hadisi ya ce Shaiɗan yana shafar kowane jariri lokacin haihuwa ban da Maryam da ɗanta.

A nawa nazarin, in nassin Ibrananci kaɗai aka ajiye a tsakiya aka karanta shi a kan zahirinsa, Yahudawa sun fi rinjaye, kuma malaman Katolika masu gaskiya ba sa da'awar cewa za a iya fitar da tsarkin Maryamu daga Farawa ita kaɗai. Suna karanta Farawa ne ta hasken Bulus da al'adar Coci, suna cewa girman maganin ne ya bayyana girman cutar, wato sai da Almasihu ya zo aka san zurfin faɗuwar Adamu. Bayahude kuwa yana cewa an ba da maganin tun a Sina'i, kuma ƙofar tuba ba ta taɓa rufewa ba, yana kafa hujja da Ezekiyel 33:11, inda Allah ya ce ba ya jin daɗin mutuwar mugu sai dai ya juyo ya rayu, da mutanen Nineba waɗanda aka gafarta musu da azumi da barin mugunta ba tare da hadaya ba. A 2001 hukumar nazarin Littafi Mai Tsarki ta Fafaroma ta fitar da wata takarda, wadda Kadinal Ratzinger ya rubuta wa gabatarwa shekara huɗu kafin ya zama Fafaroma, kuma a cikinta aka ce ya kamata Kiristoci su yarda cewa karatun da Yahudawa ke yi wa Littafi Mai Tsarki karatu ne mai yiwuwa, wanda ya ci gaba daga nassosinsu na zamanin Haikali na biyu.